Bayan Gajere Sai Wa?

Zangona na farko a New York ɗakin Yaya Talatu ne, a hawa na huɗu na wani tsohon bene a Bronx, inda lif, na'urar hawa bene, ya mutu tun kafin in zo, har na bar gidan kuma bai farfaɗo ba. Ba uwa ɗaya ta haife mu ba. Unguwarmu ɗaya a Zariya, katangarmu ɗaya, iyayenmu mata tare suke zuwa biki. Da takarduna suka fito, Inna ta kira ta a waya ta ce, "Talatu, ga ƙanwarki Binta nan, amana." Ta ce, "Haba Inna, ai ko ba ki faɗa ba." Kuma gaskiya ta riƙe ni. Ta ba ni rabin gadonta, ta ba ni tsohuwar rigar sanyinta mai kai mini har ƙauri, ta koya mini shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ba tare da na kalli idon kowa ba. Kwano ɗaya muke ci. Ina faɗin wannan tun yanzu don kada a ce na manta alheri.

Daga nan sai shagon kitso a titin 125. Ni da na iya kitso tun ina 'yar talla, sai mai shagon ta ce sabuwar zuwa ba ta taɓa kan kowa. Aikina in tsaya a bakin titi ina tare mata ina yi musu tallar kitso, sanyi yana shiga mini ta tafin ƙafa. Idan na jawo mace, wata ce za ta zaunar da ita, ni kuma a ce in koma waje. Ina tsaye a wannan bakin titi aka kira ni daga gida aka ce Malam, mahaifina, ya rasu. Ashe ya daɗe a kwance, an ɓoye mini don kada hankalina ya tashi. Ban ɗaga shi ba, ban ba shi ruwa a baki ba, ban wanke masa ko tsumma ɗaya ba. Na zauna daɓas a kan dakalin wani shago ina kuka, mutane suna kewaye ni suna wucewa.

Wata dattijuwa ce ta tsaya. Ta dube ni ta ce da Hausa, irin tasu ta Zangon Kumasi, "Ke 'yar wa ce? Tashi, ba a kuka a titin nan." Magajiya Memuna ke nan, mai dafa wake da shinkafa tana kai wa direbobin tasi. Ta ja ni har gidanta, ta zuba mini koko mai zafi, ta tara mata biyu muka yi wa Malam addu'a. Ita ce ta ce in bar wahalar titi in je in koyi aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Na yi kwas ɗin, na samu satifiket, wata ejansi mai tura ma'aikata gidaje ta ɗauke ni. Yaya Talatu ma aikin da take yi ke nan, ta yi murna har da guɗa.

Gidan da aka tura ni a Harlem yake, tsohon gida mai matakalar dutse, ko'ina littattafai. Mai gidan baƙar fata ne ɗan ƙasar, ya haura tamanin, ya ƙare rayuwarsa yana koyar da tarihi a makarantar sakandare. Ciwon mantuwa ya kama shi. 'Yarsa ɗaya, Glorya, tana aiki a wata jiha mai nisa, sai ta waya da zuwa jefi-jefi. Tun ranar farko na ce masa Baba, don ni bakina ba ya iya kama sunan dattijo gatsal. Ya harare ni ya jefe ni da kofi.

Da safe mutum ne mai daɗin zama. Amma da la'asar ta yi sakaliya sai ya miƙe, ya sa hularsa, ya ɗauki jaka, wai aji yana jiransa, ya makara. Idan ka tare ƙofa ya yi ta ihu yana dukanka da sanda. Masu aiki da yawa sun gudu kafin ni. Ni ma na kusa, wallahi. Wata rana ya matse ni a bakin ƙofa, na rasa yadda zan yi, sai idona ya kai kan wani babban hoto da ke rataye a falo, fuskokin shugabannin Amurka na farko a jere. Na nuna ɗaya na ce, "Malam, ga ɗaliba a gabanka za ka tafi ka bari? Wannan wane ne?"

Ya tsaya cak. Ya ajiye jakar. Ya ce, "Zauna. Kin makara."

Tun daga ranar ajin ya dawo falo. Sunayen mutanen nan suna karya mini harshe, sai na raɗa musu nawa. Shugaba na uku, mai tsawo da jan gashi, na ce Dogo. Na huɗu ɗan mitsitsi, Gajere. Na biyar da ya ƙi rabuwa da wandon zamanin kakanninsa mai tsayawa a gwiwa, Mai Wando. Na shida, wanda ubansa ma ya yi mulki, Ɗan Gado. Na bakwai kuwa Soja. Da na fassara wa Baba, ya yi dariya har da tari, ya ce in sake faɗa a hankali. Mutumin da ba ya tuna ko ya ci abincin rana, sai ga shi ya riƙe sunayen Hausa biyar. Da na ga ya fara laluben hula, sai in ce, "Baba, bayan Gajere sai wa?" Ya ce, "Mai Wando!" Shi ke nan, sai ya zauna.

Kai, na sha karatu a falon nan. Na san Dogo ne ya sayi wata ƙatuwar ƙasa daga hannun Faransawa har Amurka ta ninka. Na san shi ya rubuta cewa duk mutane daidai aka halicce su, alhali gonarsa cike take da bayi. Idan Baba ya zo nan sai ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Kakannina suna cikin irin waɗannan gonakin, Binta. Hannun da ya rubuta, shi ya riƙe igiya." Na san a zamanin Gajere sojojin Ingila suka shigo suka ƙone fadar shugaban ƙasa, matarsa ta sa aka tsirar da hoton shugaba na farko, ita ake yabo har yau, amma waɗanda suka sauko da hoton daga bango barori ne. Na san yadda Soja ya fi kowa ƙuri'a amma majalisa ta ba Ɗan Gado, sannan wanda ya shirya masa hakan ya samu babban muƙami. Na ce, "Af, ashe ku ma kun iya!" Ya ce, "Mu muka iya."

Labarin Soja ne ba na so. Da ya hau mulki, ya sa aka kori 'yan asalin ƙasar daga gonakinsu aka tura su can ƙetaren babban kogi, har da ƙabilar da mazanta suka taɓa taya shi yaƙi. Na ce, "Baba, wanda ya taya ka yaƙi?" Ya ce, "Ai shi ka fi sanin inda yake kwana." Na yi ta juya maganar a jirgi har na kai gida.

Wata safiya, hankalinsa garau, ina shafa masa mai a ƙafa, ya ba ni labarin ƙarshen Mai Wando. Ya ce bayan duk mulkin nan, tsufa da talauci suka raba shi da gidansa, ya zo nan New York ya mutu a gidan 'yarsa. Sai ya riƙe hannuna ya ce, "Binta, ni a gidan nan nake so in mutu. Kada ki bari su kai ni inda ake jera tsofaffi a gaban talabijin." Na tuna Malam, wanda ban ba ruwa ba. Na ce, "Ba zan tafi ba, Baba. Ina nan." Ya ce in sake faɗa, na sake.

A shekarata ta biyu a gidan, mura mai zafi ta kwantar da ni. Lokacin tsohuwar da Yaya Talatu take kula da ita ta rasu, tana zaune ba aiki. Ni da kaina na roƙi ejansi a bar ta ta riƙe mini aikin. Ina kwance ina rawar ɗari na koya mata komai: yadda yake son shayinsa, wane gefe ake ɗaga shi, Dogo, Gajere, Mai Wando, duk na zuba mata. Ta dawo tana cewa, "Ke, ashe daula kike ci! Tsoho ɗaya, gida shiru, ga 'yarsa mai sakin hannu." Na yi dariya, na ce ta yi mini addu'a Allah ya ja kwanansa.

Bayan na koma aiki ba da daɗewa ba, Glorya ta ce za ta zo, tana son magana da ni. Na gaya wa Yaya muna cin tuwo. Ta ce, "Ƙila so take ki dawo kwana a gidan gaba ɗaya. To, ki kama kanki. Kada ki je kina washe baki kina nuna zalama, ki zubar mana da mutunci." Na ce, "Haba Yaya, sai ka ce ba a gida aka raine ni ba."

Glorya ta zaunar da ni a kicin. Mace ce mai kirki, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta kama hannuna ta ce, "Binta, ciwon Baba yana ƙaruwa, aikin zai ƙara nauyi. Ina so ki gaya mini gaskiya, ki dube ni. Kina son ci gaba da zama da shi?"

To, a nan sai wanda ya tashi a gidajenmu zai gane. Ni mai baki ce, ko a kasuwa ba a kayar da ni. Alkawari ba ya ba ni kunya, aiki ba ya ba ni kunya. Amma a ce in buɗe baki in ce ina so? Mu da aka raine mu idan an miƙo abinci a gidan mutane mu ce mun ƙoshi ko da cikinmu yana kuka. Inna ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, balle ta ce tana ƙaunarsa, kuma duk unguwa an san ranta ne. Ranar da Malam ya tambaye ni ko ina son mijina, marigayi, kaina na sunkuyar na yi shiru, kowa ya gane na amsa. Abin da ka fi so shi ka fi ɓoyewa, haka muka taso. Sai na sunkuyar da kai, na zare hannuna a hankali, na ce, "Duk yadda kika ga ya dace, madam."

Ta ce, "Ba ni ba, ke. Me kike so?"

Na ce, "Ni ba ni da ta cewa. Mahaifinki ne."

Na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Na gane. Na gode da duk abin da kika yi." Na fito ina jin daɗi a raina, wai na amsa da mutunci. Har alewa na saya wa Yaya a hanya.

Ƙarshen makon ejansi ta kira ta ce an canja mini wuri, iyalin sun nemi wata. Dokar aikin kuma ba a komawa gidan da aka ɗauke ka, ba a kiran iyalin. Ban yi wa Baba ko sallama ba. Na yi ta lissafin laifina: ko gishiri na cika, ko sallar da nake yi a falo ce ta dame su? Yaya Talatu ta rungume ni ta ce, "Haka mutanen nan suke, ba su san alheri ba. Ki bar wa Allah." Ita kuma Allah ya taimake ta a satin, ta samu sabon aiki, ta ce a Brooklyn. Kullum da safe tare muke fita, mu rabu a tasha. Ni aka tura ni Queens wajen wata tsohuwa da ba ta magana. Da la'asar ta yi, sai in ce a raina yanzu Baba yana neman hularsa.

Magajiya Memuna ce ta tare ni wata Juma'a a titin 116, wajen da muke sayen daddawa da kuka. Ta ja ni gefe ta ce, "Binta, ina ce 'yar'uwarki Brooklyn take aiki? To, wa na gani jiya tana tura tsohonki a keken marasa lafiya?" Na ce ta yi kuskure. Ta ce, "Ni? Ko a duhu na san tafiyar Talatu."

Ban yarda ba sai da na je. Na nemi izini na tashi da wuri, na tsaya a tsallaken titi bayan wata mota. Tagar falon a buɗe take, lokacin zafi ne. Na ji Baba yana ihu, ina jin sandarsa tana dukan ƙofa. Sai na ji muryar da na sani tun ina goye, tana cewa da ƙarfi kamar mai korar akuya, "Bayan Gajere sai wa? Ka ji ko! Bayan Gajere sai wa?" Bai amsa ba, ihun ya ci gaba. Na juya na koma gida.

Da ta dawo gida na bar ta ta cire takalmi. Na ce, "Yaya, ya Brooklyn?" Ta dube ni, ta gane. Ko gezau ba ta yi ba.

Na ce, "Me kika gaya wa Glorya?"

Ta ce, "Na ce kin gaji, bayanki yana ciwo, amma mu mutanenmu ba ma iya faɗa. Na ce ta tambaye ki, idan kika sunkuyar da kai kika ce duk yadda ta gani, to tafiya kike so."

"Kin san ba haka ba ne! Kin fi kowa sanin abin da sunkuyar da kai yake nufi!"

Ta ce, "To, ni na ɗinke miki baki? An tambaye ki har sau biyu. Nan Amurka ce, ba Tudun Wada ba. Ni na riƙe ki a garin nan, ina zaune ba aiki kina kallo, ki tashi ki tafi, ki dawo kina ba ni labarin Dogo da Gajere."

Na ce, "Inna ta ce miki amana."

Ta ce, "Ai ban kore ki daga ɗaki ba."

Wallahi da duka ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Baƙo ba zai iya yi mini wannan ba, don bai san inda zai kama ba. Sai wadda ta san yadda aka raine ni, ta ɗauki tarbiyyar da iyayenmu suka yi mana tare ta yi mini tarko da ita. Na tsani matar nan a ranar, kuma har yau ban gama hucewa ba, ba zan ɓoye ba. Na haɗa kayana, na bar mata rigar sanyinta a kan gado. Magajiya Memuna ta shimfiɗa mini katifa a falonta.

Na daɗe ina riƙe waya ina ajiyewa, ina tsoron dokar ejansi, ina tsoron a ce na zo raba wata da abincinta. Magajiya ce ta gaji da ni, ta ce, "Kunyar nan taki ta ci tsoho ɗaya, so kike ta ƙara da ke?" Ta danna lambar Glorya ta miƙo mini.

Glorya ta saurare ni har na gama. Da na ce mata a wajenmu wannan amsar tana nufin e, sai ta fashe da kuka. Ta ce, "Binta, me ya sa ba ki kira da wuri ba?" Ashe Baba bai taɓa amsa wa Yaya Talatu ba. Wata la'asar ya ƙwace ya fita, ya faɗi a matakala, ƙugunsa ya karye. Yana asibiti Yaya ta samu wani aikin ta tafi. Likitoci suka ce ba zai iya komawa gida mai matakala ba. An kai shi gidan kula da tsofaffi a can ƙarshen Bronx, gidan Harlem kuma an sa shi a kasuwa.

Na je ranar Lahadi da la'asar. Na same su a wani babban ɗaki, an jera su a kekuna a gaban talabijin. Yana can gefe, ya rame, an yi masa aski irin wanda ba ya so, ba hula. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba." Ya dube ni da ladabi, irin kallon da ake yi wa baƙo.

Na ce, "Baba, bayan Gajere sai wa?"

Leɓensa ya motsa. Sai ya ce a hankali, "Mai Wando." Ya yi ɗan murmushi. "A gidan 'yarsa ya mutu. Ba a gidansa ba."

Nan na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa mahaifina ba, ban faɗa wa mijina ba. Da Turancina mai karaya, a gaban ma'aikata da tsofaffin mutane, na ɗaga murya na ce, "Ina so in zauna da kai. Ban gaji ba, ban taɓa gajiya ba. Ina ƙaunarka kamar uban da ya haife ni." Wata ma'aikaciya ta juyo tana kallona, ban damu ba.

Ya gyaɗa kai ya ce, "Kina da kirki, baiwar Allah." Sai ya matso da bakinsa kusa da kunnena kamar mai faɗin asiri. "Ke ma irin maganarta kike yi. Ko kin san wata Binta? Idan kin gan ta, ki ce mata sun kawo ni wurin nan, ba ta sani ba. Da ta sani da ta zo ta ɗauke ni. Ta ce ba za ta tafi ba."

Na ce, "Zan gaya mata, Baba."

Ya ce, "Ki ce ta zo mini da hulata."